Injin Sanyi a Tagar Batulu

A Bagudo, a lungun da ke gangarawa rijiyar unguwa, an yi wata tsohuwa da ake kira Goggo Batulu. Ba attajira ba ce, ba ta kuma haɗa jini da sarauta ba. Abin da aka san ta da shi taga ce, tagar ɗakinta.

An haife ta a wata ruga kusa da Bahindi, cikin Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya suka haɗa noma da kiwo. Tun tana yarinya take ɗaukar ƙwaryar nono ta ci kasuwar Bagudo, wani sa'in ta bi manya su ƙetare kogi har Illo, inda ta tsinci Dendanci, yaren mutanen can, na ciniki da na zagi. Manu, manomi mai ɗan fataucin jakuna, shi ya aure ta ya kawo ta gari. Mace ce da ta saba da sarari, sai zaman cikin gida ya fara ramar da ita. Manu bai iya daɗin baki ba, amma yana da lura. Wata safiya ya ɗauko gatari ya faɗaɗa 'yar tagar ɗakinta mai kallon lungu, har ta isa ƙwarya ta fita ta shiga, ya ce ta riƙa sayar da fura ta nan. Daga ranar ta daina rama.

Ɗanta na fari shi ne Arzika, kuma a wurin mutanen Batulu ɗan fari ba abin nunawa ba ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta bari a kama ta tana kallonsa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Batulu takan ce da shi "wancan", in abu ya kama dole. Ran da jaki ya kayar da shi ya karya masa hannu, aka shigo da shi yana ihu, ita tana daka, kuma ba ta ajiye taɓarya ba. Mata suka yaba mata, suka ce ga 'yar asali. Sai da aka wuce da shi wurin mai ɗori ta zagaya bayan rumbu ta yi ta amai. Shi kuwa ya tashi yana kiranta Goggo kamar yadda ya ji yaran lungu suna kira, alhali ƙannensa Inna suke cewa. In tana da abin faɗa masa, ta bakin autarta Sabuwa yake bi, kuma bai wuce ga tuwo can, ko ana nemanka a zaure.

Bayan rasuwar Manu yanar ido ta rufe mata gani, a hankali, har ta daina bambanta safiya da yamma. Ta bar dama fura. Amma ba ta bar taga ba. A nan gadonta yake, a nan take wuni, kuma lungun gaba ɗaya ya koma cikin kunnenta. Ta san kowa da takunsa. Makiyaya in za su gangara da shanu mashaya sukan gaishe ta da Fulatanci, ta tambaye su ciyawar bana. Masu dawowa daga kasuwar Illo ko Dole Kaina sukan tsaya su sauke mata labari kafin su kai wa matansu. Wanda akuyarsa ta ɓace wurinta yake fara zuwa.

"Goggo, ba ki ji tawa ba?"

"Mai gurguwar ƙahwa? Ta yi gabas, bayan masu itace sun wuce."

Sai kuma Dela, maƙwabciyarta, tsararta, wadda ba ta taɓa wucewa rijiya ba ta tsokane ta ba.

"Batulu, kina nan ko kin mutu?"

"Ina nan. Ke dai ka jan ƙahwa kamar jakar da anka yi wa lodin gishiri."

"Makauniya, ina kika ga ƙahwata?"

"Kurma ma ya ji ta."

Da kiran ladanin ƙaramin masallacin da ke bakin lungun take sanin lokacin salla. Tun da ta makance ba ta taɓa tambayar kowa ko rana ta yi ba.

Arzika bai bi jakunan ubansa ba. Ya yi karen mota, ya zama direba, har Allah ya ba shi babbar motarsa, yana jigilar kaya tsakanin Illo da Kandi a ƙasar Dahomi. Daga nan sunansa a bakin uwarsa ya tashi daga "wancan" ya koma "mai mota". Ya sai mata zannuwa, ya sai mata gado mai ƙarfe, ya sai mata butar tangaran. Duk abin da ya kawo, yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ajiye, ya ɗan jira. Ita kuma ta juya fuska bango, kamar yadda aka koya mata, sai ya tashi sannan ta lalubo kayan ta shafa.

Bazarar da ta biyo bayan shekarar da aka sauke tutar Turawa, nan da ƙetaren iyaka, an yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wata rana da tsakar rana Batulu ta some a kan gadonta. Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta ce ba komai, amma Sabuwa, wadda ke aure a unguwar kuma kullum tana tafe, ta gaya wa yayanta. A Kandi kuwa akwai wani Bafaranshe mai sito da ke haɗa kayansa zai koma gida. Arzika ya taɓa shiga ɗakinsa ya ji kamar an tsoma shi cikin randa, ya tambaya aka nuna masa wani akwatin ƙarfe a bango, da injin wuta mai shan mai da ke ba shi ƙarfi. Ya saye su duka biyun, ya ɗauko bakanike daga can, aka ƙetaro da su kogi.

Rabin gari ya taru a ƙofar gida. Aka fitar da Batulu zuwa ɗakin Atika, matar Arzika. Akwatin yana bukatar rami a bango, bayansa a waje, gabansa a ciki. Bakaniken ya zagaya ɗakin, ya gwada tagar da igiya, ya yi dariya ya ce kamar don akwatin aka yi ta. Daga inda take zaune Batulu ta ji ana kwaɓa siminti.

"Sabuwa, mi suka yi wa bangona?"

"Gyara ne, Inna. Kin huta da zahi."

Aka zura akwatin cikin tagar aka liƙe gefe da gefe. Aka cire asabarin ƙofa aka sa ƙyauren katako, don an ce sanyin gudu yake in ya ga hanya. Injin wutar aka yi masa rumfa a waje, jikin bangon, cikin lungu. Arzika ya koya wa ƙanensa Ma'azu yadda ake tayar da shi, ya ce daga hantsi zuwa faɗuwar rana kada ya ji an kashe.

Da aka mayar da ita ɗakin, ta kai hannu inda ta saba dafawa. Ƙarfe ta taɓa, yana rawa, yana hura mata iska irin ta ƙasan rijiya.

Kwanakin farko ɗakin bai rabu da mutane ba. Amma ba wurinta suke zuwa ba. Sukan shigo su tsaya gaban akwatin su buɗe riga, su yi salati, su yi dariya, wani ya ce sannu Goggo, kin shiga aljanna tun a duniya, su fita. Da kowa ya ɗanɗana, ƙafa ta ɗauke. Ƙyauren katako ba asabari ba ne. Mace ba ta tura ƙofar da aka rufe don kawai ta ce ina kwana.

Sai jikin ya fara magana. Gwiwoyinta suka riƙe, maƙogwaronta ya bushe, ta kama tari marar majina. Tana lulluɓa da bargo a tsakiyar bazara. In an kashe injin da magariba, ɗakin da ba shi da mafitar iska sai ya dawo da zafin da bango ya sha tun safe, ta kwana cikin gumi, gari ya waye a sake jefa ta cikin sanyi. Akwatin kuma yana ɗigar da ruwa ta baya, bangon ƙasa ya jiƙe ya fara zubowa, aka zo aka shafe wajen da siminti. Duk wannan tana iya ɗauka. Ta ɗauki abin da ya fi shi. Abin da ba ta iya ɗauka ba shi ne ƙarar. Injin na ruri a waje, akwatin na gurnani a ciki, kuma tsakaninsu babu takun mutum, babu kukan saniya, babu guga.

Ta gwada fita. Wata rana ta lallaɓa ta zauna a rumfar tsakar gida, ko ba komai ta ji kaji.

"Goggo, ki rufa mini asiri," in ji Atika. "In maigida ya taho ya iske ki nan, ni za a ce ban kula ba."

Ba ta tashi ba. Can sai ga Arzika ya shigo daga tafiya. Ta ji takunsa ya tsaya cak. Injin na ta aiki a kan ɗakin da ba kowa, shi kuma yana tsaye, tana jin numfashinsa. Ta lalubi sandarta ta koma ciki ta ja ƙyauren.

Dela ce kawai ta tura ƙofar ba sallama. Ta zauna bakin gado ta ƙudundune cikin zanenta, tana magana da ƙarfi don a ji ta.

"Wanga ɗaki ne ko kushewa? Har haƙorana biyun da sunka rage suna kaɗawa."

"Ba ni labari, Dela. Wa ya haihu?"

"Wane labari? Ki hwaɗa mai ya cire wanga abu mana! Ɗanki ne, ba hakimi ba."

"Hakimi ai da sauƙi. Hakimi ina iya kai mai kuka."

"Ku Fulani da kunyarku! Ni nawa ɗan farin har yau da muciya nike bin shi, ga 'ya'ya nai suna kallo."

Batulu ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Dela ta fita ta tarar da Arzika a zaure, ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Ya saurare ta cikin ladabi, ya ba ta goro, ya ce tsofaffi haka suke da sabon abu, kuma da Goggo ba ta so, da ta aiko. Dela ta dawo ta faɗa wa Batulu yadda suka yi. Ta ƙara zuwa sau ɗaya ko biyu, sannan ta ce ƙirjinta ba ya ɗaukar ɗakin.

Da ta aiko. Batulu ta daɗe tana juya maganar. Tun da ta haife shi ba ta taɓa aika masa da wata magana tata ta kanta ba, ko ta yabo ko ta faɗa. Yanzu ta farko ta zama a ɗauke abin da ya kawo? Ta haɗiye. Sai ran da ta idar da salla, tana lazimi, Atika ta shigo da abinci, ta tambaye ta wace salla ce ta yi.

"Azahar."

"Goggo, ai an fito la'asar tun ɗazu."

Da Sabuwa ta zo washegari, Batulu ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Ki tahi ki ce wa mai mota ya yi ƙoƙari, amma a cire shi. A maido mini tagata. Ko ladan ba ni ji."

Sabuwa ta fita. Batulu ta zauna tana jira, kamar wadda ta yi sata. Bayan wani lokaci ƙyauren ya buɗe, ta ji Arzika ya durƙusa inda ya saba.

"Goggo, saƙo ya iso. Na gode. Allah shi bar muna ke. In Allah ya so, injin ko wuni guda ba shi ƙara mutuwa."

Ya tashi da sauri ya fita. Da Sabuwa ta dawo, ta tsaya nesa da gadon.

"Mi kic ce mai?"

Sabuwa ta kama kwashe kwanuka.

"Sabuwa, da ke nike."

"Inna, na iske shi zaure cikin mutane, hannuwa nai duk baƙin mai, tun sahe yana gyaran injin. Ina cewa Inna ta aiko ni, sai ya miƙe tsaye. Ya goge hannu da riga tai, sabuwar riga. Inna, ba ki ga idon shi ba."

"Ba ni ganin idon kowa. Mi kic ce?"

"Na ce kin ce ya yi ƙoƙari." Ta ja hanci. "Na ce kin ce Allah shi yi mai albarka."

"Sauran fa?"

"Sauran ya ƙi fita."

Washegari Arzika ya yanka rago ya raba sadaka. Ya sa aka kawo gangar mai aka ajiye a zaure. Labari ya zaga gari cewa Goggo Batulu, da duk kunyarta, ta sa wa ɗan farinta albarka saboda injin sanyi, kuma iyaye suka riƙa yi wa 'ya'yansu gori da shi.

Saura hanya ɗaya, wadda ba ta taɓa bi ba. Ta yi kwanaki tana shirya kalmomin, tana maimaita su ƙasa-ƙasa cikin ƙarar akwatin inda ba mai ji. Ran da ya dawo daga Kandi ya durƙusa zai gaishe ta, ba ta juya fuska bango ba. Ta fuskanci inda muryarsa take.

"Kai," ta ce.



"Na'am, Goggo."

Ba muryar mai mota ba ce, mai iyali, mai furfura a gemu. Muryar ƙaramin yaro ce da aka kira cikin taro ba zato. Kalmomin da ta shirya suna nan a bakinta, a jere. Ta buɗe baki.

"Ya hanya?" ta ce.

Ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ba ta labarin hanya tun daga fito har Kandi: inda taya ta fashe, inda 'yan kwastan suka tsare su, yadda auduga ta yi kyau bana. Yana magana yana dariya, yana sarƙewa, kamar mai tsoron a katse shi. Ta saurara har ƙarshe. Daɗin da ta ji a ranar ba ƙarya ba ne, ta faɗa wa Sabuwa haka. Da zai fita ya dafa akwatin ya ce, "Yana dai yi miki yadda kike so?" Ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka kunya ce, ya ja mata ƙyauren a hankali don kada sanyi ya fita.

Ba ta ƙara gwadawa ba. Shi ma tafiye-tafiyensa suka yi tsawo, har Kwatano, kuma in ya dawo tsohuwar al'ada ta fi ƙarfinsu su biyun: ya durƙusa, ta juya.

A waje kuwa lungun yana mutuwa ba ta sani ba. Shanu suka ƙi bi ta gefen injin, makiyaya suka sake hanya. Mata suka gaji da hayaƙi da baƙin man da ke ɓata musu zani da ruwan sha, suka koma zagayawa ta bayan masallaci. Da damina ciyawa ta rufe inda ƙafa ta saba takawa. A daminar ne Dela ta rasu. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma Batulu ba ta ji kukan ba, ba ta ji fitar gawa ba. Sai da Atika ta shigo neman aron mayafi za ta gaisuwa, sannan ta sani.

Bazara ta biyu ba ta ƙare ba injin ya tsaya. Wani ƙarfe ne ya karye a cikinsa. Bakaniken ya bar Kandi, ba wanda ya san inda ya yi. Arzika ya ɗauki guntun ƙarfen a aljihu yana yawo da shi gari gari, yana nuna wa maƙera da masu gyaran mota. Ma'azu ya ce ko a ciro akwatin kafin a samu, ɗakin ya sha iska. Arzika ya yi masa tsawar da bai taɓa yi ba, ya ce abin da Goggo ta sa wa albarka ba mai taɓa shi, tafiya mai zuwa zai dawo da ƙarfen.

Ranar da ƙarar ta ɗauke, Batulu ta ja jiki ta manna kunne a bango kusa da akwatin. Ta daɗe a haka. Siminti ne ciki da waje. Kiran salla ya dawo, can nesa, ta ƙofar tsakar gida. Amma daga lungu ba ta ji komai ba sai zanzaro da ya fara gini cikin akwatin.

Sabuwa ta same ta a haka, gumi ya jiƙa mata zani.

"Inna, yanzu tun da ya mutu, bari in tahi in hwaɗa mai gaskiya. Ni na ɓata, ni za ni gyara."

"Ki ce mai mi? Albarkar da yaka yawo da ita ba tawa ba ce?"

"To sai ki ƙara sa mai wata."

"Ba a ƙwace ta a maido." Ta koma ta kwanta, ta juya wa akwatin baya. "Bar shi. Ko an buɗe, wa ka wucewa?"

Daga nan ta daina tambayar wa ya haihu, wa ya dawo daga kasuwa. In an ba ta abinci ta ci kaɗan. In an ce rana ta yi ta yi salla. Ta ƙara ganin damina ɗaya, ta rasu cikin bazarar da ta biyo, da hantsi, a ɗakin, ƙofa a buɗe, ba iska. Arzika yana Kandi. Sai da aka rufe ta ya iso.

An yi zaman makoki a ƙofar gida, mata a ciki. Sabuwa na zaune tana amsa gaisuwa sai ga wata Bafulatana mai tallan nono ta shigo, ta ga taro ne ta biyo. Ta ajiye ƙwaryarta ta tambayi wanda aka rasa. Aka faɗa mata.

"Batulu ta wajen Bahindi?" Ta riƙe haɓa. "Allah shi jiƙan ta. Ashe tana da rai har bana? Mu can ruga mun daɗe da yi mata addu'a."

Sabuwa ta ce amin. Matar ta zauna kaɗan, ta ga ba mai sayen nono a gidan mutuwa, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.